Joseph Grew: Jakadan Amurka da aka yi musayarsa a gaɓar tekun Afirka

A mako na huɗu na watan Yulin 1942, wasu dattawa biyu da suka daɗe da sanin juna suka yi kiciɓis a kan titi a Lourenço Marques, birnin da a yau ake kira Maputo, babban birnin ƙasar Mozambik. Ɗaya Ba'amurke ne dogo mai furfura da kaurin gira. Ɗayan kuma ɗan Japan ne, tsohon hafsan sojan ruwa da bam ya raba shi da ido ɗaya.

Ɗan Japan ɗin, Admiral Kichisaburo Nomura, ya saki fuska ya nufo shi da hannu a miƙe. Ba'amurken, Joseph Grew, bai ko rage tafiya ba. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya wuce abinsa, ya bar Nomura da hannu a miƙe. Sakatarensa Robert Fearey, wanda yake tare da shi a ranar, ya ba da labari bayan shekaru cewa abin ya daɗe yana cin Grew a rai, amma bai taɓa ganin ya yi kuskure ba.

Wata bakwai kafin wannan haɗuwa, Grew ne jakadan Amurka a Tokyo, Nomura kuma jakadan Japan a Washington. Kowannensu ya yi iya ƙoƙarinsa don kada ƙasashen biyu su gwabza yaƙi, kuma kowannensu ya gaza. Yanzu ga su a wata tashar jiragen ruwa ta Turawan Fotugal, dubban kilomitoci daga gida, za a ba da wannan a karɓi wancan, tare da mutane kusan 1,500 daga kowane ɓangare.

Daga farauta zuwa ofishin jakadanci

An haifi Joseph Clark Grew a birnin Boston ranar 27 ga Mayun 1880, a gidan masu hali. Ya yi makarantar Groton, ya wuce Jami'ar Harvard ya gama a 1902. A duka makarantun biyu akwai wani yaro da ke bayansa da shekara biyu, Franklin Roosevelt, wanda zai zama shugaban ƙasar da Grew zai riƙa aika wa rahoto daga Tokyo.

An sa ran zai shiga kasuwanci kamar sauran 'yan gidansu, sai ya ɗauki bindiga ya tafi yawon farauta a Asiya. Zazzaɓin cizon sauro ya kusa kashe shi a Indiya. A kudancin China kuma ya rarrafa cikin wani kogo ya harbe damisa, irin ta Asiya mai zane-zane a jiki. Labarin ya kai kunnen Shugaba Theodore Roosevelt, wanda shi ma gwanin farauta ne, kuma a zamanin da sanayya ce ke ba mutum aikin jakadanci, wannan damisa ta yi wa Grew rana.

Ya fara da aikin akawu a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Alƙahira a 1904. Daga nan sai birnin Mexico, sai St. Petersburg, sai Berlin, sai Vienna. Wata cuta da ya yi yana yaro ta taɓa masa ji, don haka duk tsawon aikinsa sai ya kasa kunne sosai kafin ya kama abin da ake faɗa a taro.

A 1905 ya auri Alice Perry. Zuriyarsu ɗaya da Commodore Matthew Perry, hafsan da ya je Japan da jiragen yaƙi a 1853 ya tilasta mata buɗe tashoshinta ga baƙi. Alice ta zauna a Tokyo tana yarinya lokacin da mahaifinta ke koyarwa a Jami'ar Keio, kuma tana jin Japananci. Mijinta bai taɓa iya harshen ba.

Darasin Berlin

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi a Berlin. Da yake Amurka ba ta shiga yaƙin ba a 1914, ofishinta ne ya karɓi amanar ƙasashen da suka yanke hulɗa da Jamus, ciki har da Birtaniya da Japan. Ma'anar wannan riƙon amana ita ce ma'aikatan Amurka su kula da gine-ginen waɗancan ƙasashe, su ziyarci mutanensu da ke tsare, su kai ƙorafi, su kai saƙo tsakanin maƙiyan da ba sa magana da juna. Grew ya yi shekara biyu da rabi a cikin wannan aiki.

A Fabrairun 1917 Amurka ta yanke hulɗa da Jamus. Jamusawa ba su bar Jakada James Gerard da ma'aikatansa sun fita nan take ba. Sun riƙe su kwanaki, har sai da suka tabbatar cewa nasu jakadan da ke Washington zai samu hanyar komawa gida lafiya. Grew ya fita tare da su ta jirgin ƙasa zuwa Switzerland, aka tura shi Vienna, bayan wata biyu kuma ya rufe wancan ofishin shi ma.

Saboda haka ya san ƙa'idar wasan tun yana ɗan shekara 36: idan yaƙi ya ɓarke, jakada jingina ne a hannun ƙasar da yake, kuma abin da aka yi wa takwaransa a can shi za a yi masa a nan.

Shekarun da suka biyo baya na hawan matsayi ne. Ya yi sakataren tawagar Amurka a taron sulhu na Paris a 1919, ya wakilci ƙasarsa a Denmark da Switzerland, ya halarci taron Lausanne inda aka zana makomar sabuwar Turkiyya, ya zama mataimakin sakataren harkokin waje daga 1924 zuwa 1927, sannan jakada a Turkiyyar Mustafa Kemal har zuwa 1932.

Shekara goma a Tokyo

Shugaba Herbert Hoover ne ya tura shi Japan. Ya sauka a watan Yunin 1932, 'yan makonni bayan wasu matasan hafsoshi sun kashe firaministan ƙasar, kuma sojojin Japan sun riga sun mamaye yankin Manchuria na China.

Grew da matarsa sun samu karɓuwa a wajen manyan fada da tsoffin 'yan siyasa da attajirai masu jin Turanci. Waɗannan mutane sun riƙa tabbatar masa cewa zafin kan soja na ɗan lokaci ne, zai wuce. Ya yarda da su fiye da kima. Jakadan da ba ya jin harshen gari, kuma abokansa duk 'yan sama ne, yakan ji abin da 'yan saman ke fata, ba abin da ake ƙullawa a bariki ba.

Ya ga iyakar ƙarfin abokan nasa da idonsa. A daren 25 ga Fabrairun 1936 ya karɓi baƙuncin tsohon firaminista Makoto Saito da Admiral Kantaro Suzuki, babban hadimin Sarki Hirohito. Suka ci abinci, suka kalli fim, suka yi sallama da dare ya yi nisa. Da asuba sojoji masu tawaye suka kashe Saito a gidansa, suka harbi Suzuki sau da dama. Suzuki ya rayu, kuma zai sake fitowa a labarin nan.

A Disambar 1937 jiragen saman Japan suka nutsar da Panay, wani jirgin sintirin Amurka a kogin Yangtze na China. Ministan harkokin wajen Japan ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin Grew ya ba da haƙuri, Japan ta biya diyyar sama da dala miliyan biyu, wutar ta mutu. Amma yaƙin da Japan ke yi a China ya ci gaba, kuma zuwa Satumban 1940 Grew da kansa ya rubuta wa Washington cewa lallashi ya daina aiki, a fara matsa lamba.

Ranar 27 ga Janairun 1941 ya aika wani gajeren saƙon tangaraho. Wakilin ƙasar Peru a Tokyo ya ji raɗe-raɗin cewa idan rikici ya tashi, Japan za ta kai harin ba-zata a Pearl Harbor, babban sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii. Grew ya isar da maganar a matsayin jita-jita, jami'an leƙen asirin sojan ruwa kuma suka yi watsi da ita.

A bazarar shekarar Amurka ta riƙe dukiyar Japan da ke bankunanta, man fetur ya daina zuwa. Firaminista Fumimaro Konoe ya nemi ganawa ido da ido da Roosevelt. Ranar 6 ga Satumba ya gayyaci Grew wata liyafar sirri, har aka sauya lambobin motoci don kada a gane su. Grew ya fito yana ganin wannan ce dama ta ƙarshe, ya yi ta roƙon Washington ta amsa. Sakataren harkokin waje Cordell Hull ya dage cewa sai an daidaita kan manyan batutuwa, musamman janye sojoji daga China, kafin shugabanni su zauna. Abin da Grew bai sani ba shi ne a wannan rana ta 6 ga Satumba, a gaban Sarki, shugabannin Japan sun riga sun yanke cewa idan tattaunawa ba ta haifar da komai ba zuwa farkon Oktoba, yaƙi za a yi. Konoe ya sauka a tsakiyar Oktoba, Janar Hideki Tojo ya hau.

An rufe ƙofa

Saƙon ƙarshe da Roosevelt ya aika wa Sarki Hirohito ya iso Tokyo da tsakar ranar 7 ga Disamba, amma sojoji suka riƙe shi a ofishin tangaraho kusan awa goma. Sai bayan sha biyun dare Grew ya kai shi ga ministan harkokin waje Shigenori Togo. Da ƙarfe 7:30 na safe Togo ya sake kiransa, ya miƙa masa takardar kawo ƙarshen tattaunawa, ya yi masa godiya, ya raka shi. Bai ce masa uffan game da Pearl Harbor ba, alhali an kai harin awanni da suka wuce. Daga jaridar da aka buga cikin gaggawa jakadan ya ji cewa an fara yaƙi.

Kafin azahar 'yan sanda sun rufe ƙofofin ofishin. Ma'aikata suka ƙona takardun sirri, aka ƙwace rediyoyi. Mutum sittin da 'yan kai suka cunkushe a harabar da aka gina don kaɗan, wasu suna kwana a ofisoshi. Suka haɗa abincinsu wuri ɗaya, suka raba aiki, har suka tsara ɗan filin wasan golf a tsakanin gine-gine don rage zaman jira. Ranar 18 ga Afrilun 1942 suka ga jiragen Amurka na farko da suka jefa bam a Tokyo suna wucewa ƙasa-ƙasa.

Hanyarsu ɗaya tilo ta jin duniya ita ce wakilin Switzerland, Camille Gorgé, wanda ƙasarsa ta karɓi amanar Amurka a Japan. Aikin da Grew ya yi wa wasu a Berlin, shi ake yi masa yanzu.

A can Amurka kuwa, an kwashe Nomura da abokin aikinsa Saburo Kurusu da iyalan ma'aikatansu zuwa otal ɗin Homestead a jihar Virginia, daga baya aka mayar da su Greenbrier a West Virginia. Otal-otal ne na masu kuɗi, kuma jama'a sun yi ta gunaguni cewa ana shagwaɓa maƙiya. Ma'aikatar harkokin waje ta san abin da take yi. Duk abin da aka rage wa Nomura, Grew ne zai ji a jikinsa.

Yadda maƙiya ke ciniki

A wancan lokaci babu wata cikakkiyar yarjejeniyar duniya da ta wajabta sakin jakadu ko fararen hula idan yaƙi ya tashi. Yarjejeniyar Geneva kan fararen hula sai a 1949 aka yi ta, ta Vienna kan hulɗar jakadanci kuma sai 1961. Abin da ake da shi al'ada ce kawai, da tsoron ramuwa.

Tun cikin Disambar 1941 Washington ta gabatar da tayin musaya. Da yake ba a magana kai-tsaye, saƙon Amurka sai ya bi ta Bern, babban birnin Switzerland, kafin ya isa Tokyo. Japan kuma Sifaniya ce ta riƙe mata amana a Amurka, don haka nata saƙonnin sukan bi ta Madrid. Tambaya ɗaya da amsarta kan ci makonni.

Batun jakadu shi ne mai sauƙi. Inda aka sha wuya shi ne sauran mutane. Amurka na son 'yan jarida da 'yan mishan da malamai da 'yan kasuwa, ba a Japan kaɗai ba, har da waɗanda ke Koriya da Manchuria da yankunan China da Japan ta mamaye da Hong Kong da Indochina da Thailand. Wasunsu suna kurkuku bisa zargin leƙen asiri. Japan ta yarda da yawancin wannan, amma dubban Amurkawan da ke tsare a Philippines ba su shiga lissafin ba. An kuma haɗa 'yan Kanada da na ƙasashen Latin Amurka da suka yanke hulɗa da Japan.

Ita ma Japan ta aiko da jerin sunayen waɗanda take so. Nan aka samu cikas iri biyu. Sojojin Amurka da hukumar FBI suka ƙi sakin wasu, don suna ganin sun san abin da zai amfani maƙiyi. Wasu kuma da Tokyo ta ambata suka ce ba za su tafi ba, domin Amurka ce gidansu, a nan suka haifi 'ya'yansu. A daidai lokacin gwamnatin Roosevelt na kwashe mutane kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar zuwa sansanoni, mafi yawansu 'yan ƙasa haifaffun Amurka.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Tun da ciniki ne na kai da kai, Amurka na buƙatar mutanen da za ta bayar. A tsawon yaƙin an kwaso 'yan asalin Japan sama da 2,000 daga ƙasashen Latin Amurka, mafi yawansu daga Peru, aka tsare su a Amurka, kuma da yawa daga cikinsu da su aka cika jiragen musaya. Cikinsu akwai masu shaguna da manoma da suka yi shekaru da yawa rabonsu da Japan.

Sai batun wuri da jirgi. Babu wanda zai bar jirgin maƙiyi ya shigo tasharsa, tekun Pasifik kuma fagen fama ne. Fotugal 'yar ba-ruwanmu ce, kuma tana mulkin Mozambik, wadda tasharta ke kusan tsakiyar tafiya ga ɓangarorin biyu. Amurka ta yi hayar Gripsholm, jirgin fasinja na wani kamfanin Sweden, aka shafe shi da farin fenti, aka rubuta sunansa da manyan haruffa a jikinsa. Japan ta ware Asama Maru, ta kuma yi hayar Conte Verde, jirgin Italiya da yaƙi ya rutsa da shi a Shanghai, aka zana musu manyan alamun gicciye farare. Sharaɗin shi ne su yi tafiya ba rakiya, ba makami, fitilu a kunne duk dare, a kan hanyar da aka sanar. Kowace ƙasa mai jiragen yaƙi a teku, har da Jamus da Italiya da Birtaniya, sai ta ba da lamunin cewa ba za ta taɓa su ba.

Har kaya sai da aka yi ciniki a kansu: akwati nawa, kuɗi nawa, wa za a bincika, wa ba za a bincika ba.

Wata guda a kan Asama Maru

Ranar 17 ga Yunin 1942 aka kai Grew da matarsa da ma'aikatansa tashar Yokohama. Jirgin ya ɗan matsa daga gaɓa ya saki anga, ya tsaya. Kwana ɗaya, kwana biyu, har mako guda, ba wanda ya gaya wa fasinjoji dalili. A New York ma 'yan Japan sun yi irin wannan zaman jira a cikin Gripsholm kafin ya tashi ranar 18 ga wata. Ana ta warware sauran ƙulle-ƙullen sunaye da lamunin hanya, kuma ba wanda ke son jirginsa ya riga na ɗaya nisa. Wasu daga cikin waɗanda aka fito da su daga kurkuku sun ce gara su faɗa teku da a mayar da su.

Cikin daren 25 ga Yuni Asama Maru ya ɗaga. Ya tsaya a Hong Kong da Saigon ya ɗebi ƙarin mutane, ya haɗu da Conte Verde a kusa da Singapore, suka ratsa tekun Indiya ɗaya na bin ɗaya. Ruwan sha ya yi ƙaranci, ɗakunan ƙasa sun cika maƙil.

A wannan tafiya ce Grew ya ji abin da katangar ofishinsa ta ɓoye masa. Otto Tolischus na jaridar New York Times ya sha azaba a hannun 'yan sandan Tokyo. Max Hill na kamfanin dillancin labarai na AP ya yi watanni a kurkuku. Wasu tsofaffin 'yan mishan daga Koriya sun ba shi labarin yadda aka ɗaure su aka riƙa ɗura musu ruwa ta hanci da baki. A ɗaya jirgin kuma akwai J.B. Powell, editan wata mujalla a Shanghai, wanda ƙafafunsa suka ruɓe a tsare. Mutumin da ya yi shekara goma yana gaya wa Washington cewa akwai masu hankali a Japan ya shafe wata guda yana sauraron waɗannan labarai. Da su a kansa ya sauka a Lourenço Marques ya haɗu da Nomura.

Gripsholm ya riga su isowa, bayan ya tsaya a Rio de Janeiro ya ɗauki ƙarin ɗaruruwan 'yan Japan. Ranar musaya aka jera taragun jirgin ƙasa a kan dandamalin tashar don su raba tsakani, layi ɗaya ya bi ta wannan gefe, ɗayan ya bi ta wancan. Cikin 'yan awanni an gama. A layin 'yan Japan akwai wani ɗalibin Harvard ɗan shekara 20, Shunsuke Tsurumi, wanda daga baya ya zama sanannen masanin falsafa mai adawa da yaƙi. Akwai kuma Kurusu, wanda ya sa hannu a ƙawancen Japan da Jamus da Italiya a 1940. Shi ma matarsa Ba'amurkiya ce, kuma ita ma sunanta Alice.

Jiragen Japan sun isa Yokohama ranar 20 ga Agusta. Gripsholm ya shiga tashar New York ranar 25 ga wata. Birtaniya ta yi tata musayar da Japan a wannan tasha ta Mozambik bayan 'yan makonni.

Rahoton da ba a so

A watannin da yake tsare, Grew ya rubuta dogon rahoto kan yadda aka kai ga yaƙi. Jigonsa shi ne Washington ta yi sakaci da ta ƙi ganawar Konoe da Roosevelt. Da isarsa ya kai wa Hull. A ruwayar Fearey, wanda ke zaune a ɗakin jira yana jin tashin murya, Hull ya fusata ya nemi a lalata takardar. Grew ya janye ta. Sai a 1952, cikin littafin tarihin aikinsa, ya bayyana hujjojin nasa a fili.

Masana tarihi da yawa suna ganin Hull ya fi shi gaskiya a wannan gaɓa, domin babu tabbacin Konoe zai iya tilasta wa soja ficewa daga China. Amma ƙin zaman ma bai hana komai ba.

Gwamnati ta ba shi wani aikin: zagaya ƙasa yana faɗakar da Amurkawa cewa Japan ba za ta faɗi da sauƙi ba. Ya yi ɗaruruwan jawabai. A 1944 ya fitar da Ten Years in Japan, littafin da ya tsamo daga kundin da yake rubuta abubuwan da suka faru kullum, kuma a cikinsa ya nuna wa masu karatu cewa ba duk 'yan Japan ne Tojo ba. A tsakiyar yaƙi, wannan magana ba ta da farin jini.

Musayar mutane kuwa ta ci gaba da tafiyar hawainiya. An yi ta biyu a Oktoban 1943 a tashar Mormugao da ke Goa, wani yankin Fotugal a Indiya, tsakanin Gripsholm da Teia Maru, an sake ba da kusan 1,500 an karɓi kusan 1,500. Ta uku ba ta yiwu ba. A daren 1 ga Afrilun 1945 wani jirgin yaƙin Amurka na ƙarƙashin teku, Queenfish, ya nutsar da Awa Maru a mashigin Taiwan. Jirgin na da lamunin Amurka, domin ya kai kayan agaji ga fursunonin yaƙi yana kan hanyar komawa. Mutum kusan 2,000 suka mutu, ɗaya ya tsira. Amurka ta amsa laifi, an gurfanar da kwamandan a kotun soja, amma amana ta riga ta karye. Dubban fararen hula suka ci gaba da zama a sansanoni har ƙarshen yaƙi.

Batun Sarki

Lokacin da wannan ya faru Grew ya koma kujerar mataimakin sakataren harkokin waje, wadda aka ba shi a Disambar 1944, kuma shi ke riƙe ma'aikatar a yawancin watannin farko na 1945 saboda tafiye-tafiyen maigidansa. A gaban 'yan majalisar dattawa ya kwatanta Sarkin Japan da sarauniyar ƙudan zuma, wadda idan aka cire ta amya ke watsewa. Jaridu suka yi masa ca, wasu suka kira shi mai sassauci ga maƙiyi.

A watan Afrilu aka naɗa sabon firaminista a Tokyo: Kantaro Suzuki, baƙon nan nasa na daren 1936. Togo kuma ya dawo ministan harkokin waje. Grew ya fahimci cewa masu neman mafita ne suka hau. Ranar 28 ga Mayu ya je wajen Shugaba Harry Truman ya nemi a fito fili a gaya wa Japan cewa miƙa wuya ba ya nufin rushe sarauta. Truman ya tura shi ga shugabannin soja, aka ce lokaci bai yi ba. Daftarin farko na sanarwar Potsdam ya ƙunshi wannan tabbaci, amma aka cire shi kafin a fitar da ita ranar 26 ga Yuli.

An jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, a Nagasaki ranar 9. Da Japan ta nemi miƙa wuya, sharaɗi ɗaya ta gindaya, shi ne matsayin Sarki, kuma a ƙarshe Amurka ta bar Hirohito a kan karagarsa. A wata wasiƙa da ya rubuta wa tsohon sakataren yaƙi Henry Stimson a 1947, Grew ya nuna cewa da an ba da tabbacin tun a watan Mayu, mai yiwuwa da an gama ba tare da bama-baman ba. Har yau masana na jayayya a kan haka.

Ya ajiye aiki a tsakiyar Agustan 1945, bayan shekara 41. Konoe ya sha guba a Disambar shekarar don kada a gurfanar da shi. Togo ya mutu a 1950 yana zaman hukuncin shekara 20. Nomura ba a tuhume shi da komai ba, ya shugabanci kamfanin kayan sauti na Victor, ya shiga majalisar dattawan Japan, ya rasu a 1964.

Kuɗin da fassarar littafin Grew ta Japananci ta kawo, da su aka kafa gidauniyar da ke tura ɗaliban Japan karatu a Amurka, kuma a 1960 gwamnatin Japan ta ba shi ɗaya daga cikin manyan lambobin yabonta. Alice ta rasu a 1959. Shi kuma ya rasu a gidansa da ke Manchester, jihar Massachusetts, ranar 25 ga Mayun 1965, saura kwana biyu ya cika shekara 85.

Asama Maru bai ga ƙarshen yaƙin ba, jirgin ƙarƙashin teku na Amurka ya nutsar da shi a Nuwamban 1944. Gripsholm ya yi ta zirga-zirgar musaya har ya ɗauki mutane sama da 27,000. Daga baya wani kamfanin Jamus ya saye shi ya sauya masa suna zuwa Berlin, aka farfasa shi a 1966.